Ƙofar da Baba Ya Koya wa Gulma

Tun da Baba ya yi ritaya daga koyar da lissafi, rubuta manhajar kwamfuta ya shiga ransa, babu abin da ya tsira daga hannunsa a gidan. Ya koya wa fanka kunna kanta, sai ta koma tashi duk lokacin da wani ya yi atishawa. Aikinsa na ƙarshe shi ne ƙofar falo. Ya maƙala mata 'yar kyamara da lasifika, wai ta gane fuskar mai shigowa ta sanar. Bai gama gwajin ba ciwo ya kwantar da shi, aka zare wayar wutar, kowa ya manta.

Ranar da gidan ya cika da masu ta'aziyyar rasuwarsa, Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta jona wata wayar wuta a bayan kujera don ta yi caji. Ba ta san abin da ta tayar ba.

Kawu, ƙanin Mama, ya sako kai yana share hawaye. Sai ga muryar Baba tar daga saman ƙofa: "Kawu ya iso. A rufe tukunya."

Wata tsohuwa ta hau salati. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Kafin ta gano wayar da za ta zare, maƙwabcinsu ya shigo.

"Maƙwabci ne. Malam, ina tsaninmu?"

"Wallahi gobe zan kawo," in ji shi, yana kallon silin.

Bayansa Goggo ce, yayar Baba, wadda labari ba ya kwana a cikinta.

"Gidan rediyo ya iso. Kowa ya kama bakinsa."

"Ni?" Goggo ta dafe ƙirji. "Ni da na goya shi? Mara kunya, har a can ma bai daina ba!"

Dariya ta ƙwace wa wani, sauran suka bi. Auta ta durƙusa za ta kashe abin, Mama ta riƙe mata hannu.

"Bar shi. Yau ne kaɗai aka faɗi gaskiya a falon nan."

Da yamma ta yi baƙi suka watse, Auta ta ga Mama ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta fita waje, ta dawo ta tsaya daidai gaban kyamarar.

"Shugaba ta dawo," in ji muryar, ƙasa-ƙasa. "A kashe kwamfuta, a ɗauki tsintsiya."

Mama ta daɗe a tsaye. Ta goge ido da bakin mayafi.

"Munafuki," ta ce. "Ashe shi ya sa kullum nake samun sa yana shara wuri ɗaya."

Ta sake fita, ta sake shigowa.