Ruwan Tokar Zulai

Da masu haƙar zinari suka kwashe rabonsu suka yi gaba, abin da suka bar wa ƙauyen su Zulai, can bayan Furfuri, ramuka ne da ƙasa mai gubar dalma, wadda ko ƙaya ba ta marmarin tsirowa a kanta. Sai ga Malam Lukuman, jami'in gandun daji daga Gusau, da mota cike da dashe. Aka cike ramukan, aka dasa itacen turare da darbejiya don a samu makamashi.

Mutumin akwai jan kunne. Kada a jiƙa ganyen a sha, kada a ba dabba, itacen na wuta ne kawai, don yana zuƙar dalma daga ƙasa. Zulai ta riƙe maganar nan gam, har akuyarta ta sha duka a kanta.

Bayan shekara biyar aka fara sara. A ranin nan ne Muzdalifa, jikarta 'yar shekara uku, abin da ɗanta marigayi ya bar mata ke nan a duniya, ta daina wasa. Daga ciwon ciki sai suma. Aka auna jininta a Gusau, aka ce dalma ce. Zulai ta ji tsoron da ba ta taɓa ji ba.

Malam Lukuman ya zo har gida neman ta inda gubar ta shiga. Ya leƙa randa, ya duba rumbu. A bayan murhu ya tarar da tukunya mai huji a gindi, cike da toka, ruwa na ɗiga daga cikinta zuwa kwano.

"Inna, wannan fa?"

"Ruwan toka na, ɗana. Shi muka sa ma miya da wake, tunda kanwa ta yi tsada."

"Tokar wane itace?"

"Iccen da kunka dasa mamu mana. Ai an riga an ƙone shi."

Malam Lukuman ya dubi kwanon. Taro nawa ya yi a ƙauyen nan, bakinsa bai taɓa zuwa kan toka ba, don shi a gidansu zubar da ita ake yi.

"Wuta ba ta cin dalma, Inna. A toka take taruwa."

Zulai ta dafa bango, ta zame ta zauna a ƙasa.

"Ke kaɗai kike tacewa?" ya tambaya a hankali.

"Ni ɗai," in ji ta. "Unguwag ga duk wurina aka amsa. Ban taɓa hana ma mai goyo ba."