Ranar da Zuwaira Ta Kira Sunan Ɗanta

Ranar kasuwar Ƙafin Maiyaki maciji ya sari Ja'afar a gona. Uwarsa Zuwaira ta rungume shi a bayan mota, za su asibiti. Hanyar ɗaya ce tal, manyan motoci kuma sun tsaya a kanta ana lodin masara.

Ta leƙo tana roƙon masu lodi: "Don Allah, 'ya'yana, ku buɗe mana hanya!"

"Yi haƙuri, Iya, saura buhu goma," in ji wani.

Jini ya fara fita ta hancin Ja'afar. Ɗan farinta ne, tunda ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba saboda kunya. A gaban mutane ta shiga jijjiga shi.

"Ja'afar! Ja'afar!"

Bai amsa ba.