Kukan Ƙusa

Ya ɗaga ƙafar goɗiyar ta gaba, ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa, ya shiga fere kofaton da wuƙa. Maƙeri ake ce masa, ko da yake rabonsa da hura wuta an jima. Takalman dawaki yanzu a kwali suke zuwa, nasa kawai ya daidaita su ya buga. Dogo, mai kula da dawakin bargar, yana riƙe da ragama yana hamma.

Wannan barga kaɗai ta rage masa. Watan jiya wani doki ya kama ɗingishi bayan ya sa masa takalmi, da aka zare ƙusa aka tarar ta taɓa nama. Mai bargar, mace ce da ba ta son doguwar magana, ta ce in aka sake za ta nemi wani.

Ita ƙusa, in ta shige kofato ba a ganinta, jin ta ake yi. In ta bi hanya, kukanta sai ya riƙa ƙara kaifi har ta ɓullo ta gefe. In ta karkata wajen nama, sai kukan ya dushe. Kunnen Maƙeri kuwa ya daɗe da yin ritaya bai yi sallama ba. A ganinsa ba wanda ya sani. Kome aka faɗa masa sai ya gyaɗa kai, har ranar da aka ce masa tayar babur ɗinsa ta yi faci ya ce madalla.

Da safen nan autarsa ta tare shi a bakin ƙofa da 'yar na'urar ƙara ji da ta sayo masa tun bara.

"Baba, don Allah yau dai ka sa."

"Kurma aka ce miki ni?"

"To me na ce yanzu?"

Ya karɓe ya jefa aljihu. Sai da ya zo ƙofar barga ya cusa ta a kunne, ya ja hular sanyi ya rufe.

Ya ɗora takalmin, ya saita ƙusar farko, ya buga. Ta yi kuka siriri, ta ƙara kaifi, ta ɓullo inda ya so. Daɗi ya kama shi. Yana kan ta gaba mai kawo ciyawa ya shigo, ya jingina da bango, ya yi wa Dogo magana ta saman bayan Maƙeri.

"Tsohon naka har yanzu yana fama?"

"Yana nan."

"Kai kuma har yaushe za ka yi ta bin bayansa?"

"Mene ne a ciki?" in ji Dogo. "In ya tafi in duba, wadda ban yarda da ita ba in zare in sake bugawa. Na watan jiya ma don ina asibiti ne wajen matata, da ba a ji kanmu ba."

"Mai bargar ta sani?"

"In ta sani ai tare za mu kama hanya. Rufa mana asiri. Shi ya koya min riƙon guduma."

"Kai, rage murya mana."

"Wa zai ji? Ko rufin nan ya faɗo sai dai ya ce madalla."

Suka yi dariya. Maƙeri bai ɗago ba. Kunya ta rufe shi. Ya tuna yadda yake yi wa Dogo faɗa a gaban mutane, wai ya cika nawa, ba zai taɓa iya aikin kofato ba. Ya ciro wata ƙusar daga leɓensa ya ci gaba da bugu.

Da ya gama ƙafafun duka, ya lanƙwasa bakin ƙusoshin, ya bi su da magagari. Dogo ya ja goɗiyar ta yi sassarfa a kan siminti, takunta na fita daidai, babu ƙafar da take tausayawa. Ya dawo da ita, ya sunkuyo saitin kunnen Maƙeri kamar kullum, ya ƙwala:

"Aiki ya yi kyau, yaya!"

Na'urar ta yi tsuwa, Maƙeri ya ji kamar an soka masa tsinke a ƙwaƙwalwa, amma ya daure. Ya tattara kayansa a jaka. Bakin awartakin zare ƙusa na leƙowa daga aljihun rigar Dogo.

"Dogo," ya ce a hankali, "yau bar awartakin nan ya huta."

Dogo ya tsaya cak. Ya dubi aljihunsa, ya dubi hular da ke rufe da kunnen. Mai ciyawa ya tuna yana da sauran kaya a mota, ya fice.

"Tun yaushe?" Dogo ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Tun ƙusar farko."

Maƙeri ya rataya jaka, ya kama hanyar ƙofa. Har ya kai bakinta sai ya juyo.

"Yaya jikin matar taka? Ba wanda ya gaya min."

"Na gaya maka, yaya," in ji Dogo. "Ka ce madalla."