Rabin da Ba a Yafe wa Arzika Ba

Arzika makiyayi ne a Shagari. Farkon wata damina shanunsa suka shiga gonar dawar wani manomi mai suna Malami, cacar baki ta kai ga sanda, hannun Malami ya karye. Aka kai maganar gaban alƙali a Boɗinga. Dangin Arzika suka ba Malami bijimi fansar rauninsa, sai batun horo ya rage.

A wannan zamani uban ƙasa yana da al'ada: in damina ta faɗi, yakan saki duk ɗan kurkukun da ya cinye rabin wa'adinsa, ya je ya yi noma. Alƙali ya san da haka, kuma bai ɓoye lissafinsa ba.

"Shekara guda nika nuhi da kai," ya ce wa Arzika. "Amma in na ce guda, wata shida za ka yi. Don haka na ce biyu."

Hajo, matar Arzika, tana bayan zauren da goyo, ta ji da kunnenta. Ta koma Shagari ta riƙe garken ita kaɗai, tana tatsa, tana kai nono kasuwa, tana jiran damina mai zuwa.

Ana dab da shuka, wani ɗan kurkuku da aka sallama bara ya ƙone rumbunan maƙwabcinsa a Danchadi. Uban ƙasa ya fusata, ya sa aka yi shela cewa daga yanzu kowa zai cika abin da alƙali ya furta. Ruwa ya sauka, shekarar Arzika ta cika, ƙofa ba ta buɗe ba.

Da Hajo ta kai masa fura, da ƙyar ta gane shi. Marin ƙarfen da aka ɗaure shi da shi ya ci ƙafarsa ta hagu, wurin ya kumbura yana wari. Ya karɓi ƙwaryar, ya kasa kai ta baki.

Ta wuce gidan alƙali kai tsaye, ta durƙusa a ƙofar zaure.

"Allah shi gafarta Malam, da bakinka ka ce shekara guda kaka nuhi. Ta cika."

"Na hwaɗi haka, ɗiyata," in ji alƙali, kansa a ƙasa. "Amma abin da anka yanke shekara biyu na. Sassauci ba hannuna shike ba, na uban ƙasa na."

Ta je fada. Ta yini a rana kafin wani bafade ya shigar da maganarta, ya dawo da amsa: uban ƙasa ba ya taɓa hukuncin alƙali. Alƙali ya ce biyu, biyu ne.

"To wa ad da shekarar da ta rage?" Hajo ta tambaye shi da ƙarfi. "Alƙali ya ce bai nuhe ta ba. Ku kun ce ba ku kunka sa ta ba. Mijina ko yana ruɓewa cikinta!"

Bafaden ya ce ta rage murya.

Da ta rasa inda za ta, sai ta nufi gonar Malami. Ta same shi yana noma da hannu ɗaya, ɗayan ya ƙi miƙewa tun ranar. Ta faɗi tsakanin kunyoyi ta riƙe ƙafarsa tana kuka. Malami ya jingine hauyarsa ya bi ta Boɗinga. Ya shaida gaban alƙali cewa ya yafe.

"Haƙƙinka an biya tun bara," alƙali ya ce masa. "Wanga ɗauri na hukuma na." Duk da haka ya tashi, ya ɗauki sandarsa, ya tafi fada da kansa. Ya faɗa wa uban ƙasa cewa ya ninka wa'adin ne don dogaro da al'adar da aka soke. Uban ƙasa ya ce in ya saki ɗaya, iyalan sauran za su cika masa ƙofa. A bari sai bayan girbi ya duba.

Hajo ta sayar da saniyar da ta fi ba da nono, ta kawo mai magani har cikin gidan yari. Shanu biyu suka ɓace a daji lokacin da take zirga-zirga tsakanin garuruwan. Goyonta ya rame. Kowace Juma'a tana ƙofar fada, har fadawa suka daina kallonta.

Ba a kai girbi ba yari ya aika fada cewa makiyayin nan ba zai yi rai ba, kuma ba ya son gawa a hannunsa. A ranar aka cire marin.

Malami ne ya ba da aron jakinsa. Suka ɗora Arzika a kai, Hajo na tallafe da shi har Shagari. Bai mutu ba, amma ƙafar ta shanye, bai ƙara bin shanu ba. Yakan zauna a gindin gawo yana tufka igiya, Hajo kuwa ta kora abin da ya rage na garken zuwa fadama.