Guguwa a Kan Kujera

Guguwa suke kiransa, kuma ba ya ƙin sunan. Kafinta ne, yana da shago a bakin titi, amma abin da ya fi alfahari da shi kekensa ne mai manyan tayoyi, irin wanda ake hawan duwatsu da shi. Kowace Asabar da safe shi da abokansa sukan hau tudun da ke bayan gari, shi a gaba, sauran suna haki a baya. Na ƙarshe kullum ƙaninsa ne, mai sayar da magani, mutum mai iyali da ɗan tumbi, wanda Guguwa ya laƙaba wa Hawainiya saboda yadda yake taɓa birki a kowane ɗan gangare.

Akwai wani gangare da suke kira Wuyan Raƙumi, siriri, dutse ta hagu, kwazazzabo ta dama. Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa. Da suka iso bakinsa kowa ya sauka ya riƙe kekensa.

"Yaya, ƙasar nan da santsi," in ji Hawainiya. "Mu tura kawai."

"Kai tura. Ni duwatsun nan ko ido rufe na san su."

Duwatsun kam ya san su, sai dai ruwa ya ɗauke ɗaya daga wurinsa ya ajiye a tsakiyar hanya. Tayar gaba ta daki dutsen, Guguwa ya tashi sama ya sauka da kafaɗa, keken ya biyo shi ya danne masa ƙafa. Hawainiya ne ya goyo shi har inda mota za ta iya zuwa.

A asibiti aka sa masa ƙarfe a ƙafa, aka ɗaure hannun a ƙirji. Da aka sallame shi, matarsa ta gyara masa doguwar kujerar falo, ta jera matasai. Makon farko falon cike yake da 'yan dubiya, shi kuma yana ba su labari, kullum tsallen yana ƙara tsawo. Daga baya ƙafar 'yan dubiya ta ɗauke. Ya rage daga shi sai fanka da waya.

A wayar ya ga abin. Wata Asabar abokan suka turo bidiyo: wani mahayi yana sauko Wuyan Raƙumi a hankali, gindinsa a bayan sirdi, bai sa ƙafa a ƙasa ba har ƙarshe. Da ya cire hular kwano sai ga sanƙon Hawainiya. Aka yi ta tafi. Wani ya rubuta a ƙasa, "Sabon jagora."

Guguwa ya kalli bidiyon har ƙarshe. Ya sake kallo. Ya tsayar, ya matso da hoton, yana neman inda ƙafar ta taɓa ƙasa. Ba ta taɓa ba.

'Yarsa ta leƙo ta kafaɗarsa. "Lah, Baffa ne. Abba, ashe Baffa ya iya haka?"

"Wannan ba hawa ba ne, rarrafe ne. Je ki kawo min ruwa."

Da yamma Hawainiya ya zo kamar yadda ya saba, don shi ne ke kai shi banɗaki ya cuɗa masa baya. Ya shigo da keken Guguwa, ya kai an miƙe tayar, an sa sabuwar sarƙa. Yana ta fara'a, fatarsa ta yi duhun rana, tumbin ma ya fara zubewa. Guguwa ya dubi nasa cikin da ya fara tasowa a ƙarƙashin riga.

"Yaya, ko zan ɗan riƙa hawansa kafin ka warke? Keke idan ya zauna lalacewa yake."

"Naka me ya same shi?"

"Ba komai. Naka dai ya fi riƙe ƙasa."

"A jingine min shi nan inda zan riƙa ganinsa."

Aka jingine keken a jikin bango, kusa da talabijin. Matarsa ta yi ta kewaye shi da tsintsiya, tana cewa falon ya zama gareji.

Likitar gashin ƙashi ta ce masa ya bi a sannu, ya riƙa ɗaga hannu a jikin bango, ya taka da sanduna biyu. Ya ce mata jikinsa ba irin na sauran mutane ba ne. Ta ce duk haka suke faɗa. Asabar ta sake zagayowa, aka turo wani bidiyon, wannan karon Hawainiya yana nuna wa sababbin shiga yadda ake shan kwana, kuma da kalmomin Guguwa yake bayanin. Guguwa ya jira matarsa ta tafi kasuwa, ya jefar da sandunan, ya ja keken zuwa tsakar gida da hannu ɗaya.

Bai ko zagaya sau ɗaya ba. Ƙafar ta ƙi danna feda, ya karkata ya faɗa cikin bahon wanki, igiyar shanya ta tsinke, zannuwan gado suka rufe shi. A haka Hawainiya ya tarar da shi, a jiƙe, yana cije leɓe.

Hawainiya bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi ƙona wa Guguwa rai. Ya cicciɓe shi ya mayar kan kujera, ya duba ƙafar, ya kawo tawul.

"Faɗi gaskiya," in ji Guguwa. "Ka ji daɗin faɗuwata."

Hawainiya ya ci gaba da goge masa wuya.

"Ranar da na goyo ka, kuka nake, ba ka sani ba don ka suma. Faɗuwarka ban ji daɗinta ba." Ya ninke tawul ɗin. "Amma Asabar ɗin nan ina jin daɗinsu, Yaya, ba zan yi maka ƙarya ba. Tun muna yara bayan rigarka nake kallo. Ashe tudun nan yana da kyau idan ba kowa a gabanka."

Guguwa bai taɓa tunanin mutumin da ke baya yana jin wani abu ban da gajiya ba. Ya juya fuska ga bango ya ce a miƙo masa sandunansa.

Gangancin nan ya ƙara masa wata guda a kan kujera. Bayan shi ya bi likitar sau da ƙafa, yana gunaguni. Ya koma shago, ya fara da riƙe katako, daga baya ya iya tura zarto. Bidiyon kuwa bai daina kallo ba, kuma bai daina jin zafinsa ba, sai dai ya daina kiransa rarrafe.

Ranar da ya koma tudun, rabin mutanen baƙi ne a wurinsa. Ya hau yana haki, har wata malamar makaranta da ta fara hawa kwanan nan ta wuce shi tana yi masa sannu. A bakin Wuyan Raƙumi hannunsa ya matse birki da kansa. Ƙasa a bushe take, ba santsi ko kaɗan, amma ya kasa sakin birkin. Ya sauka ya fara turawa, yana kallon ƙaninsa can ƙasa ana tafa masa kafaɗa.

Wani dattijo mai jar hular kwano ya tsaya kusa da shi ya sha ruwa.

"Sannu da ƙoƙari. An ce kai ne yayan jagora?"

"Ni ne," in ji Guguwa. "Ni na koya masa keke."

Amma dattijon ya riga ya gangara. Guguwa ya gyara riƙon kekensa, ya ci gaba da turawa a hankali, yana duba inda zai sa ƙafa.