Agogon Tsohuwa

A ofishinmu babu kwamfutar da ke iya haɗa manhajar da muke sayarwa sai Tsohuwa, ita kuma Tsohuwa ba ta jin maganar kowa sai ta yayana. Wata baƙar kwamfuta ce a ƙarƙashin teburinsa, fankarta na tari kamar mai mura. Duk wanda ya gwada haɗawa a tasa sai jan rubutun kuskure ya cika masa fuska, Yaya kuwa ya kishingiɗa a kujera ya ce, "Ni dai a wurina tana aiki."

Da wannan maganar yake zille wa komai, har da zuwa gida. Inna ta daɗe tana fama da ƙafa, ba ta iya doguwar tafiya. Duk zuwan da zan yi sai ta leƙa bayana ko yana tafe, sannan ta ce in gaishe da mai aiki. Abin yana ƙona min rai, kuma haushin Yaya nake ji ƙwarai.

Sai na samu Manaja na yi masa bayanin wani tsari. Za ka rubuta duk kayan da manhajarka ke bukata, kowanne da ainihin fitowarsa, tsarin ya kawo su daidai, ya haɗa su a keɓe ba tare da ya taɓa tarkacen da ke cikin kwamfutar ba. Ko a ina aka haɗa, abu ɗaya zai fito. Manaja, wanda ke kwana da fargabar ranar da Tsohuwa za ta ce ga garinku nan, ya amince tun kafin in rufe baki.

Gwajin farko na sha ƙasa. Komai ya haɗu, sai gwaji ɗaya cikin masu duba lafiyar manhajar ya ƙi wucewa. A ranar, Yaya har shayi ya haɗa min, yana cewa in sha in huce, ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Da ya fita cin abincin rana na zauna a kujerarsa. Na daɗe ina ganin wata 'yar takarda manne a kusurwar allon, na ɗauka ado ce. Na ɓare ta. Ashe agogon da ke kan allon take rufewa. Batirin agogon Tsohuwa ya mutu tun tuni, duk kunnawa sai ta koma shekarar da aka saye ta. Shi kuwa gwajin nan yana duba wata shaidar tsaro ce da wa'adinta ya ƙare tun ina ɗaliba. A duk ginin Tsohuwa kaɗai ba ta samu labari ba, kuma mai manna takardar ya san haka sarai.

Na sabunta shaidar a sabon tsarin kaɗai, na tsayar da lokaci guda a cikin tsarin don kada agogon kowa ya sake sa baki. Sannan, saboda ni ƙanwa ce mai kirki, na sayo sabon batiri na sa wa Tsohuwa.

Washegari a gaban Manaja muka haɗa a tawa, muka haɗa a ta akanta, har da ta mai karɓar baƙi. Lambar da ke tantance abin da aka haɗa ta fito iri ɗaya sak. Yaya ya ce a tsaya a ga na asali, ya kunna Tsohuwa da tsohuwar hanyarsa mai tsohuwar shaidar. Baiwar Allah ta farka ta ga shekarar da ake ciki, ta watsa masa jan rubutu.

"A wurina dai tana aiki, Yaya," na ce.

Manaja ya yi dariya har da hawaye, ya ba shi hutun da ya tara. Amma da aka watse na tarar da shi zaune, hannunsa a kan Tsohuwa, sai dariyar ta fita daga raina.

"To yanzu wa ke da bukatata?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Inna," na ce. "Ita kam nata agogon bai tsaya ba."

Ya jima yana kallon kusurwar allon. Sannan ya kashe Tsohuwa, ya tambaye ni wane irin man zafi take shafawa a ƙafar.