Ranar da Hanya Ta Yi Kyau

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don lakwal ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba, kuma Baba Mutari ba dangina ba ne, katanga kawai muka haɗa. Amma ina tsaye a ƙofar gida ranar da aka kawo shi a amalanken jaki, kekensa kwance kusa da shi, tayar gaba ta lanƙwashe.

"Ku bi keken a hankali," yake ce wa masu sauke shi. "Ni ƙashi ne, ya ɗoru."

Matarsa, Inna Kande, ta fito da muciya a hannu. "Sai da na ce ka tahi da ƙahwa!"

"Da ƙahwa na tahi, Kande. Dawowa ce na hau."

Unguwarmu ita ce ta ƙarshe a Malbaza. Bayanta akwai tudu mai jan dutse, bayan tudun kuma tafki da rugar Illo. Siririyar hanya ɗaya ce ke zuwa can, mutane da shanu duk ita suke bi. Hawan duk tsakuwa ne, dole mai keke ya sauka ya tura. Gangaren ya fi muni. In shanu sun sha ruwa a tafki sai su hau da laka a kofato, su tattake ƙasar, rana ta busar da ita ta zama ramuka masu kaifi. Cikin ɗayansu tayar Baba Mutari ta faɗa, ƙugunsa ya karye.

Abin da ke kai shi ruga karsanarsa ce, Goshi, wadda ya ba Illo kiwo. Ba su da ɗa a raye, ita kaɗai zai bar wa Inna Kande, ga shi tana da cikin fari. Damina ta yi gardama a shekarar, ciyawa ta ƙare da wuri, Illo ya fara maganar gangarawa kudu da garke. Baba Mutari yana so ya jawo Goshi gida kafin su tashi, ya riƙe ta da ɗan harawar da ke kan rumfa. Shi kuwa Illo ba ya sakin igiyar amana sai a hannun da ya ba shi.

Kullum ni ke bin hanyar, in karɓo wa mahaifiyata nono don fura. In na dawo, sai in ji muryarsa ta kan katanga.

"Gimbiya! Shigo, ba na cizo. Ƙaƙa hanya?"

Nakan tsaya bakin ɗaki, kaina a ƙasa. "Tana nan, Baba. Gangaren ya ƙara ramuka."

"Kusa da aduwa?"

"Har gaba da ita."

"Shegun shanu," in ji shi, yana dariya har ƙugun ya hana shi. "Goshi hwa?"

"Ta rame, amma tana ci."

Maɗori ya zo ya ɗaure, ƙashin bai kama ba. Bayansa ya yi gyambo saboda kwanciya, ɗakin ya fara wari, Inna Kande na ta turara shi. Duk da haka ya sa aka miƙe tayar, aka jingine keken inda zai riƙa gani. Ya ce ko bai iya hawa ba, zai dogara da shi kamar sanda, muddin hanya ta ɗan lafa.

Wata safiya na hau tudun na tarar ana kwance bukkoki. Tafkin ya ƙafe. Illo ya zuba mini nonon ƙarshe bai dube ni ba.

"Ki gai da Mutari. In ruwa ya sauka, in da sauran shanu, ya gan ni."

Goshi ce a ƙarshen garke. Ana iya ƙirga haƙarƙarinta, tana tafiya tana tsayawa.

Inna Kande ta tare ni a zaure, ta riƙe mini hannu da ƙarfi. "Kada ki hwaɗa mashi. In ya tambaye ki hanya, ki tsaya ga hanya."

Na ci gaba da hawa tudun, neman itace yanzu. Babu sauran shanu masu tattaka gangaren. Ƙafafun mata da na jakai suka murƙushe bakin ramukan, yashi ya cike sauran. Baba Mutari ya daina dariya, ya daina cin tuwo sai kunu, amma tambayar ba ta canja ba.

"Ƙaƙa hanya, ɗiyata?"

Ranar na ji daɗi, don na samu abin kirki da zan faɗa wanda ba ƙarya ba. "Ta yi kyau, Baba. Ko yaro ya gangara da keke."

"Har wajen aduwa?"

"Har tafki. Sumul."

Ƙuda ya sauka a goshinsa bai kore shi ba.

"Ɗanyen kashin shanu hwa? Kin taka ko ɗaya?"

Na dubi Inna Kande. Ta juya tana gyara murfin tulu wanda ba abin da ya same shi.

"Hanyar nan ba ta yin kyau in da shanu," in ji shi a hankali. "Yaushe suka tashi?"

Bai jira amsa ba, ya ɗora da wata tambayar.

"Goshi tana tahiya da ƙahwarta dai?"

"Tana tafiya, Baba."

"To." Ya juya fuska bango. "Kande, ki ba jakin Rabo mai amalanke harawar nan, kada gara ta cinye."

Bai sake tambayata hanya ba. Ya cika ranar Talata bayan la'asar, aka kai shi kafin magariba. Hadari ya taso daga gabas, ya yi ta ruri, ya watse bai zubar da ko ɗigo ba.

Da gari ya waye, Inna Kande ba ta da abin hura wutar kunun masu gaisuwa. Na ɗauki kwando na hau tudun, na gangara ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. A inda rugar take, na durƙusa ina tsintar busasshen kashin shanu, har kwandon ya cika.